Gida A Adar, Mai Gida A Abijan: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗi, Wa Ke Karɓar Kuɗin Haya?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Kaita ta faɗa Tawa, ba sai an gaya masa cewa ƙasar 'yan bida ya shigo ba. A tsakiyar gidajen laka da na dutse sai ka hango gidan siminti mai ƙofar ƙarfe, an sha masa fenti, amma an garƙame shi da kwaɗo. In ka tambayi yaran unguwa na wane ne, sai su ce na Alhaji wane ne, yana Abijan, ko Lome, ko Kwatano, ko Libiya. Haka abin yake a ƙaramar hukumar Deule da ke cikin gundumar Buza, haka yake a Tamaske da Ibohaman da Sabon Gida. Wanda Allah Ya ƙara buɗa wa kuma ba ya tsayawa ga na ƙauye, sai ya sayi fili a Madawa ko Tawa ko Yamai ya gina na haya.

A 'yan shekarun nan wani sabon salo ya shigo. Maimakon a zuba 'yan haya masu biya wata-wata, sai mai gida ya zuba gadaje da kujeru da firji da na'urar sanyaya ɗaki, a riƙa bai wa baƙi gidan na kwana biyu, ko mako ɗaya, ko wata ɗaya, kamar dai otal. 'Yan uwanmu da ke Abijan da Legas sun ga yadda wannan sana'a take kawo kuɗi a can, suna kuma ta kwaɗaita wa juna ita ta waya. Abin tambaya a nan shi ne, shin mutumin da ke bayan kantinsa a Ajame ko Tireshibil zai iya tafiyar da irin wannan gida a jihar Tawa ya ci riba, ba tare da ya yi asarar dukiyarsa ko zumuncinsa ba? Wannan shi ne abin da za mu duba yau, domin batu ne da ya shafi gumin shekaru na 'yan kasuwarmu, ya kuma shafi iyayenmu mata da aka bari da tsaron gida.

Dalilin da ya sa ɗan bida ke binne kuɗinsa a gini

Tafiya bida tsohuwar al'ada ce a Adar. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙwaruruka, damina gajera ce, saboda haka da an ɗaure dame maza sai su saɓa jaka. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun ƙara wa tafiyar ƙarfi. Idan mai karatu bai manta ba, lokacin da aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita a 1984, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar dutse da haƙa ramukan shuka itatuwa, domin mazan suna Kurmi ko Nijeriya. Tun wancan zamani aka saba da wannan rabo: namiji na waje yana nema, mace na gida tana riƙo.

Zaman waje kuwa ya sha koya wa mutanenmu darasi mai ɗaci. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya ajiye kuɗi a akwati ya wayi gari abin da zai saya da su na kayan waje ya ragu. A watan Satumba na 2002 yaƙi ya ɓarke a Kodebuwa, ya sake dawowa bayan zaɓen 2010, baƙi da yawa suka bar shaguna suka tsira da rayukansu. A 2011 gwamnatin Gaddafi ta faɗi, dubun dubatar 'yan Nijar suka ratso hamada hannu rabbana. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke kwaso mutanenmu tana maido su ta Asamaka. Wanda ke Nijeriya kuwa ya ga canjin takardun naira na farkon 2023, ya kuma ga yadda naira ta zube a gaban sefa bayan watan Yuni na wannan shekara. Wanda ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, in ya ce gini a gida ya fi ajiya a ko'ina, ba mu da bakin musa masa. Gida ba ya gudu, ba a kuma korar sa a kan iyaka. Sai dai gini ajiya ce kawai. Ranar da aka ce gidan ya riƙa kawo kuɗi, to an shiga kasuwanci, shi kuma kasuwanci yana son a san mai saye.

Su wane ne baƙin?

A nan ne muke ganin da yawa daga cikin 'yan uwanmu suna yin kuskure. Abijan na da teku, tana da manyan kamfanoni, ta kuma karɓi gasar cin kofin Afirka a farkon 2024. Legas kan cika da 'yan hutu daga Ingila da Amurka duk watan Disamba. Mu a nan, ba mai yawon shaƙatawa da zai taso daga Turai ya kama gida a Buza. Baƙinmu iri dabam ne, kuma sun canja a cikin shekaru ashirin da suka wuce.

Bayan matsalar abinci ta 2005 ƙungiyoyin agaji sun yawaita a jihar, likitocin MSF suka kama aiki a Madawa da Buza, wasu ƙungiyoyin suka biyo baya. Waɗannan su ne 'yan hayar da kowane mai gida ke mafarki, domin suna biyan watanni gaba ɗaya, suna gyara gida da kuɗinsu. Sai kuma bukukuwa. Tawa ta karɓi bikin 18 ga Disamba a 2007, ta sake karɓa a 2017 da sunan Tawa Sakola. Kokowar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohi, duk garin da ta sauka masauki kan yi wuya. Yamai ta ga irin wannan a watan Yuli na 2019 lokacin taron Tarayyar Afirka. Amma biki na kwanaki ne, gini kuwa na shekaru.

Daga baya matsalar tsaro ta rage zirga-zirgar Turawa. An sace Ba'amurke a Abalak a watan Oktoba na 2016, an kashe ma'aikatan agaji Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure a watan Agusta na 2020, aka kuma sace wani Ba'amurken a Masalata kusa da Ƙonni a watan Oktoba na wannan shekara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye kuɗinsu, sojojin Faransa suka fice a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024. Hukumomi sun janye wa ƙungiyar ACTED izinin aiki a watan Nuwamba na 2024, suka kuma umarci ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa da ta tattara a watan Fabrairu na 2025. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, lissafin mai gidan haya ɗaya ne: masu biya da tsada sun ragu.

Waɗanda suka rage su ne namu na gida. Akwai fataken albasa da ke zuwa daga Gana da Kodebuwa da Togo da Benin a lokacin kaka, suna zagaya Galmi da Tsarnawa da Sabon Gida da ƙwarin Tarka har motarsu ta cika. Akwai ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila masu zuwa aikin kwanaki. Akwai masu jinya a asibitin Galmi, da baƙin aure, da su kansu 'yan bida masu dawowa Sallah da iyali. Waɗannan baƙi ne na gaske, amma suna taya farashi, kuma da yawansu suna da ɗan uwa ko mai masauki a gari. A ƙasar Hausa baƙo bai saba sayen wurin kwana ba.

Mu buga lissafi

'Yan kasuwa muke magana da su, saboda haka bari mu ɗauki misali, kowa ya sa nasa farashin a ciki. Mu ɗauka gida ne mai ɗaki uku da falo, ana ba da shi jika 15 a kwana. Idan ya samu baƙi kwana 8 a wata, ya kawo jika 120. A cire mai gadi jika 30, wuta da ruwa jika 20, shara da wanki da sabulu jika 10, a ware jika 10 don gyara, a bai wa wakili kashi 10 cikin 100, wato jika 12. An kashe jika 82, saura jika 38.

To, da a ce gidan nan an bai wa malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya a kan jika 50 a wata, shi zai biya wutarsa da ruwansa, ba a bukatar mai gadi. A cire jika 5 na wakili da jika 5 na gyara, saura jika 40. Wato a wannan misali, kwana 8 a wata ko hayar wata-wata bai kamo ba, alhali an zuba kuɗin gadaje da firji da na'urar sanyi, waɗanda ke tsufa kullum. Idan baƙi suka kai kwana 15, kuɗin shiga jika 225 ne, ko an kashe jika 110 saura fiye da 100, riba ta yi kyau. Idan kuwa kwana 3 kawai aka samu, jika 45 ke nan, mai gadi kaɗai ya ci 30, sai mai gida ya aiko da ciko daga Abijan. Saboda haka kafin a sayi katifa ko ɗaya, a fara tambayar kwana nawa gidan zai cika a watan Agusta, lokacin da ba albasa ba biki.

Kada kuma a manta da wuta da ruwan sama. Lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta na 2023 saboda takunkumin ECOWAS, wanda ba a ɗage ba sai a watan Fabrairu na 2024, mun ga yadda gida mai na'urar sanyi ya koma tanda. Baƙon da ya biya jika 15 ba zai kwana cikin duhu ya yi shiru ba, dole sai injin wuta ko faifan hasken rana. Damina ta 2024 kuma ta rusa dubban gidaje a faɗin ƙasa, har gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na shekarar. Rufin da ya fara yoyo ba ya jiran mai gida ya dawo daga bida.

Amana, inda gizo ke saƙa

Ko lissafi ya yi daidai, saura mutum. Hayar wata-wata sau goma sha biyu ake karɓar kuɗinta a shekara, mai gida na iya ƙirgawa da yatsunsa. Hayar kwana-kwana kuwa kullum sai an buɗe ƙofa, an karɓi kuɗi, an duba abin da ya fashe, an wanke zanin gado. Wanda ke nesa ba shi da hanyar sanin ko gidan ya kwana da baƙo ko bai kwana ba, sai abin da aka gaya masa.

Yadda aka saba shi ne a danƙa mabuɗi ga ƙane ko ɗan wa ko suruki, a ce masa "ga gida nan, ka kula", ba a yanka masa lada ba, ba a rubuta komai ba. Shi kuma yana da iyali, ga kuɗi na ratsa hannunsa. Ran da yaro ya kwanta ciwo sai ya taɓa da niyyar mayarwa. Ran da baffa ya yi baƙin biki sai a buɗe musu gidan kyauta, domin wa zai iya ce wa baffa ya biya? Alhaji ya dawo bayan shekara biyu ya tarar da famfo ya karye, firji ya mutu, kuɗi ba su kai rabin abin da ya zata ba. Ya yi magana a ce ya ci fuskar ɗan uwansa saboda abin duniya, ya yi shiru abin na cin sa a rai. Wannan rigima ta raba 'yan ɗaki ɗaya, ta kai wasu gaban hakimi, wasu har kotu.

Gaskiya ɗaya ce, laifin na ɓangare biyu ne. Wakilin da ya ci abin da ba nasa ba ya ci amana. Amma mai gidan da ya ɗora wa mutum aikin yini da dare ba lada, shi ya tsaga bangon da ƙadangare ya shiga. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayani a babin wakilci cewa ya halatta wakili ya karɓi lada, kuma shi amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka gindaya masa. To wace iyaka za a ce ya wuce, alhali ba a taɓa faɗa masa iyakar ba? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu tsakanin 'yan uwa kare zumunci ne.

Mu tuna kuma cewa saukar da baƙo don kasuwanci sana'ar kakanninmu ce. Fatoma a zangon Kumasi da Salaga, da masu gida a Sabon Ibadan waɗanda masani Abner Cohen ya yi nazarinsu a farkon shekarun 1960, su ke saukar da fataken goro da shanu, su ajiye musu kuɗi, su haɗa su da dillalai, su tsaya musu in an ba da bashi. Ribarsu daga la'adar ciniki take fitowa fiye da kuɗin ɗaki, kuma suna da malamai masu rubuta lissafi. Jarin fatoma sunansa ne, kuma yana zaune a gidan. Mai gida na nesa da ke son fataken albasa su sauka wurinsa, sai ya nemo wakili wanda fataken suka sani suka kuma yarda da shi.

Haƙƙin mata

A gidaje da dama, wadda ke yin aikin a zahiri mace ce. Uwargida ko ƙanwa ko 'ya ita ke share ɗaki, ta wanke zannuwa, ta dafa wa baƙi, ta san wanda ya shiga da wanda ya fita. Amma kuɗin ta hannun wani namiji suke bi, in an samu giɓi kuma ita ake fara tambaya. Macen da ta iya riƙe adashi na mata talatin, ta iya bin bashin tumatir da albasa a kasuwar Madawa ba tare da dala ta ɓata ba, ta iya riƙe littafin gida ɗaya. Muna ganin ya dace a saka sunanta a takardar wakilci, a yanka mata ladarta, kuɗin abincin baƙi kuma ya zama cinikinta. Hajiyoyinmu masu fatauci zuwa Lome da Dubai da Makka, waɗanda su ma suka gina gidaje, wannan lissafi ya hau kansu kamar yadda ya hau kan maza.

Darasi daga waje

Kamfanin Airbnb da aka kafa a San Francisco a 2008 ya bazu a duniya da wannan sana'a, kuma dubban masu gidaje na tafiyar da nasu daga wata ƙasa. Sirrin abu uku ne. Kowane kwana a rubuce yake. Kuɗi ba sa bi ta hannun mai riƙe mabuɗi, kamfani ke riƙewa ya tura wa mai gida bayan baƙo ya shiga. Sannan baƙo na ba da shaida bayan ya tafi. Ba mu da bukatar wannan kamfani a Buza, amma abubuwan nan uku suna hannunmu. Kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Al Izza da Amana suna da rassa a garuruwanmu, baƙo na iya biya kai tsaye da sunan mai gida ya nuna rasit. Ta WhatsApp ana iya aika hoton mitar wuta da ta ruwa ranar shiga da ranar fita, mita kuwa ba ta san kunya ba. Mai gida na iya kiran baƙo ya ji yadda aka karɓe shi.

Akwai gargaɗi kuma. Birnin New York ya taƙaita irin wannan haya a watan Satumba na 2023, Barcelona ta sanar a 2024 cewa za ta soke lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido nan da 2028, saboda 'yan gari sun rasa gidan zama. Mu ma kada kwaɗayin kuɗin kwana ya sa mu kori malamin makaranta da ungozoma daga gida, mu bar shi a rufe muna jiran baƙon da ba zai zo ba.

Takarda da hukuma

Kafin komai, a tabbatar da takardar fili. A cikin gari a karɓi takardar mallaka daga ofishin magajin gari, a bi ta har ta zama cikakkiyar shaidar mallaka. A karkara irin Deule, a ƙarƙashin dokar ƙasar noma ta 1993 an kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har gunduma, su ke ba da shaidar saye ko gado ko kyauta. Takardar ta kasance da sunan mai gida, domin gidan da aka gina a filin gado da ba a raba ba, rigima ce aka ajiye wa 'ya'ya. Takardar wakilci a buga mata hatimin hukuma, ko a ofishin jakadancin Nijar na ƙasar da ake zaune, a kuma bayyana a ciki cewa wakili na da ikon ba da haya da gyara, ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa.

Kazalika a lura da dokar shiga da zaman baƙi da hukumomi suka fitar a watan Janairu na 2025, wadda ta tsananta hukunci, ta kuma ɗora wa mai saukar da ɗan wata ƙasa nauyin sanar da jami'an tsaro. A wannan zamani na rashin tsaro, wanda ya kwana a gidanka da sunanka ya kwana. A riƙa karɓar hoton katin shaidar kowane baƙo, a rubuta ranar shigarsa da fitarsa, mai unguwa kuma ya san da zaman gidan.

A ƙarshe, shawararmu ga 'yan uwa da ke bida ita ce, wanda gidansa ke ƙauye ko nesa da babbar hanya ya ba da shi wata-wata ga ma'aikaci mai mutunci, ya ware ɗaki ɗaya na saukarsa. Wanda nasa ke kusa da kasuwar albasa ko tasha ko asibiti, ya gwada da ɗaki ɗaya ko biyu na tsawon shekara guda, ya ga abin da littafi zai nuna kafin ya ƙara jari. Kowa kuma ya yi ƙoƙarin leƙo gida ko sau ɗaya a shekara, domin masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma zumunta a ƙafa take. Ga masu riƙe mabuɗi kuma, ku tuna ɗan uwanku rana da ruwa ya sha a ƙasar mutane kafin ya ɗora bulo ɗaya a kan ɗaya.

Allah Ya tsare mana matafiyanmu, Ya sa albarka a nemansu, Ya ba mu ikon riƙe amana.